Jar Kibiya a Kan Boneti

"Ƙara masa girma," in ji mai shagon katifa, yana dungurin allon kwamfutar da yatsa.

Mai Zane ya ƙara wa sunan shagon girma, karo na shida ke nan tun safe. Sunan ya riga ya haɗiye hoton katifar, ya taka lambar waya, amma mutumin ya ce har yanzu bai cika masa ido ba: a sa ja, a zagaye da rawaya, a manna tauraro a kowace kusurwa. Mai Zane bai yi musu ba. Shekara goma sha tara yana zaune a kujerar nan ta gidan ɗab'i, har bayansa ya lanƙwashe daidai da ita, kuma ya daɗe da gane cewa gardama da mai kawo aiki ɓata yawu ne kawai. Ya sa ja, ya sa rawaya, ya saci kallon agogon bango. Ɗaya da rabi. Ƙarfe huɗu za a rufe duba motoci a filin tsere, kuma duk motar da ba a buga mata hatimi yau ba, gobe sai dai mai ita ya yi kallo.

Shekara tara yana jiran goben nan, ranar da zai shiga tsere da motarsa. Motar tsohuwar akwala ce da shi da abokinsa bakanike, wanda kowa ke kira Sifana, suka tayar daga matattu a bayan gareji. Kowace shekara da abin da ke gittawa: wani lokaci inji, wani lokaci ciwon 'yan biyunsa, wani lokaci aikin da Manaja ya rantse ba mai iya shi sai shi. Bana komai ya haɗu, sai dai likita ya daɗe yana juya takardar lafiyarsa kafin ya sa hannu. Ya ce masa jininsa na hawa, kuma baɗi kada ya sake kawo masa wannan takardar, don ba zai sa hannu ba.

Sai biyu da kwata mai katifa ya gamsu. Manaja ya leƙo da wani aikin katin gayyata a hannu, Mai Zane ya yi kamar bai gan shi ba, ya zura wuƙarsa ta yanka takarda da rula a aljihu, ya fice. A cikin bas ya samu rabin kujera kusa da wata mata mai buhun gawayi. Idanunsa na yaji saboda kallon allo, wuyansa ya riƙe. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta, har ya tambayi kansa ko mutumin da hawa bene ke sa shi haki yana da wani abin nema a filin tsere. Ana cikin cunkoso matarsa ta kira. Ma'aikaciyar jinya ce a sashen da ake kai waɗanda suka yi haɗari, kuma mako guda ke nan ba ta ambaci tseren ba, ko da wasa. Ta ce ta tashi daga aiki ta tarar da hular kwanonsa a kan kabad, za ta kawo masa. Ba ta jira godiyarsa ba ta kashe wayar.

Tun daga ƙofar filin ya hango motarsa, domin nan mutane suka fi taruwa. Sifana ya riga ya jawo ta, yana tsaye a gefe yana washe baki kamar shi ya haife ta. Mako uku Mai Zane ya yi yana tsara ledar da aka lulluɓe ta da ita, a lokacin hutun rana da ranakun Lahadi. Shuɗi ne mai duhu daga gaba, yana narkewa a hankali har ya koma fari a baya, ga siririn layi mai ruwan azurfa, ga lamba ashirin da bakwai siririya, tsaf. Shi ne aiki ɗaya tilo a rayuwarsa da ba wanda ya tsaya a bayansa ya ce a ƙara masa girma. Masu ɗaukar hoto na ta durƙusawa a gabanta, shi kuwa sai ya ji wuyansa ya ɗan saki.

Mai duba motocin wani tsohon direban tsere ne, mai ɗingishi, da tabarau rataye a wuya. Ya taka birki, ya ja bel, ya girgiza ƙarafan kariya na ciki, ya ɗaga tukunyar kashe gobara ya ji nauyinta. Duk ya gyaɗa kai. Daga nan ya zagaya motar sau biyu, yana neman wani abu.

"Ina makashin wutarka?"

Mai Zane ya matso da alfahari, ya ɗaga wani ɗan murfi a gindin gilashin gaba, wanda ya liƙe da leda har ya saje da jikin motar. A ƙarƙashinsa makunnin yake, wanda ake murɗawa daga waje a kashe wutar mota gaba ɗaya. Tsohon ya tambayi ƙugiyar da ake jan mota da ita, aka nuna masa, ita ma ta sha shuɗin fenti ta ɓace. Ya ce dokar tsere ta ce a sa kibiya mai nuna kowannensu.

"Akwai kibiya, Baba. Ga ta nan."

Sai da tsohon ya sa tabarau ya sunkuya kafin ya gan ta: 'yar kibiya kamar tsinken ashana, shuɗi mai haske a kan shuɗi mai duhu. Ya miƙe, ya ce motar ba ta wuce ba. A cire murfin nan, a yi kibiya ja, babba, lambar kuma a yi ta baƙa mai kauri a kan fari.

A ƙara girma, a sa ja. Har nan ma suka biyo shi. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana haɗiye magana sai ga shi yana gardama da murya sama, yana bayani a kan daidaiton launi da yadda ido ke bin layi, Sifana na jan rigarsa yana fizgewa. Tsohon ya bar shi har ya gaji don kansa.

"Ɗana, aikinka ya yi kyau, ban taɓa ganin irinsa a filin nan ba," ya ce. "Amma kibiyar nan ba don masu hoto ake yin ta ba. Don wanda zai zo a guje ne, hayaƙi a idonsa, fetur na zuba, kai kana ciki ba ka san inda kake ba. Shi ba shi da lokacin sa tabarau. Ni a nawa haɗarin sai da suka yi ta laluben makunni kafin su ciro ni." Ya ɗan bubbuga ƙafarsa mai ɗingishi, ya dubi agogo, ya ce zai dawo huɗu saura biyar.

Da Mai Zane ya juya, matarsa na tsaye a bayansa cikin farin kayan aikinta, rungume da hular kwano a cikin leda. Bai san tun yaushe take wurin ba, amma fuskarta ta nuna ta ji komai.

Uku da minti ashirin da biyar. Gidan ɗab'i ya yi nisa, ba maganar komawa a buga sabuwar sitika. Sifana ya tono jakarsa ya fito da ragowar jan fentin da yake yi wa kusoshi alama, da baƙi kaɗan, da farin tef, da wani buroshi da ya ƙage kamar tsintsiya. Mai Zane ya yanke murfin da wuƙarsa, ya ji kamar a jikinsa yake yankan. Sai ya ɗora rula a kan boneti ya fara auna inda kibiyar za ta zauna ba tare da ta taɓa layin azurfa ba. Ya ɗiga alama, ya goge. Ya matsar da ita yatsa biyu, ya ja da baya ya ƙanƙance ido, ya sake gogewa. Sifana na ta kiran lokaci, shi kuwa buroshin na hannunsa, ya kasa saukar da shi.

Matarsa ta ajiye hular a ƙasa, ta zare buroshin daga hannunsa. Ta tsoma shi har wuya, ta ja layi ɗaya mai faɗin tafin hannu tun daga tsakiyar boneti, ta ratsa layin azurfa, ta bi ta kan shuɗin nan na mako uku har gindin gilashi, ta yi masa kai. Kibiyar ta karkace, fentin na tsiyaya.

"Maman 'yan biyu, ya yi girma ai."

"Bai yi ba," ta ce, ta sake tsomawa. "Ni ake kawo wa su, Baban 'yan biyu. Da wanda aka ciro da wuri da wanda aka yi lalube, daga bakin ƙofa nake gane su. Ka san ba na son tseren nan, ba kuma zan hana ka ba. Amma in za a neme ka, a same ka da wuri."

Ta zagaya ta yi wa ƙugiyar tata kibiyar. Mai Zane ya ɗauki farin tef ya rufe siririyar lambarsa a ƙofofi biyu, ya rubuta ashirin da bakwai da baƙin fenti, ƙatuwa, mummuna, irin wadda mai katifa zai gani ya yi masa addu'a. Masu hoto sun riga sun koma wajen wata motar.

Huɗu saura biyar tsohon ya dawo, ya tsaya daga nesa ba tabarau, ya duba, ya buga hatimi. Ya ce a gusa da ita layin waɗanda suka wuce.

Mai Zane ya shiga ya ja ƙofa. Sai a lokacin ya tuna rabonsa da zama a kujerar nan tun kafin ya fara zanen. Daga ciki ba a ganin shuɗin, ba a ganin farin, ba a ganin lambar. Sitiyari ne kawai da ƙarafa da warin mai. Ta gilashi ya hango matarsa tana goge jan fenti daga farar rigarta, yana ƙara bajewa. Ya sauke ido kan boneti. Daga inda yake zaune, kibiyar shi take nunawa.

Ya murɗa mukulli.