Rawar Kili

Dama, hagu. Dama, hagu. Kan Kili yana lilo a saman ƙofar barga, farar gezarsa tana bin sa a hankali, ƙafafunsa na gaba suna miƙa wa juna nauyi. Baƙin da suka zo gaisuwa sun yi cincirindo a ƙofar, wayoyi a sama, ana ta ƙyaƙyata dariya.

"Kun gani ko? Ba wanda ya koya masa," in ji Injiniya, maigidan, baki har kunne. "Dokin Baba ne. Tun da ya shigo birni ya waye, har rawa yake yi."

Baba yana kan kujerarsa a baranda. Rana ɗaya aka kawo su shi da Kili, bayan rasuwar matarsa, da ɗan ya rantse ba zai bar tsoho shi kaɗai a gona ba. Kuma a faɗi gaskiya, Injiniya bai yi rowa ba. Uba ya samu ɗaki mai sanyi da talabijin, doki ya samu barga mai tayil da fanka, irin wadda ɗan haya zai yi kwaɗayinta. Ƙofar waje ce kawai ba a buɗewa. Titi akwai motoci, gari akwai ɓarayi, ga Baba da ciwon gwiwa. Maigadi kuwa ya riƙe umarni da hannu biyu.

Baba ya lumshe ido. Nan da nan simintin tsakar gida ya jiƙe ya zama ciyawa mai raɓa, katanga ta ja da baya har ta ɓace. Ga Kili can yana birgima a bakin rafi, ƙafafu huɗu a sama, ga marigayiya tana yi masa tsiya wai ya fi maigidansa son wanka. Da ya buɗe ido, kan dokin bai daina lilo ba. Tausayi ya cika masa ciki.

* * *

Bayan rawa sai cizo. Kili ya kama katakon ƙofa da haƙora, ya gantsare wuya, ya zuƙi iska da wani gurnani mai ban tausayi, ya saki, ya sake kamawa. Harawa tana bushewa a gabansa, haƙarƙarinsa suna fitowa. Injiniya, da yake mutum ne mai maganin kowace matsala, ya kira mai walda aka lulluɓe katakon da ƙarfe. Kili ya koma cizon ƙarfen.

Wata safiya Baba ya tare ɗansa a bakin mota.

"Ba rawa yake yi ba," ya ce.

"To me yake yi, Baba?"

"Tafiya yake yi. Wurin ne babu."

Injiniya ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Haba Baba, me ya rasa? Ga abinci, ga ruwa, ga inuwa. Wasu mutanen ma ba su samu haka ba."

"Na sani, Allah ya yi maka albarka. Amma ka kai shi fili. Ni ba sai na je ba, shi dai ka kai shi, tun yana sauran doki."

"Bari aiki ya ɗan lafa."

Aiki bai lafa ba sai da damina ta tafi ta dawo.

* * *

Filin yana bayan gari, kore shar har inda ido ya gaji. Gajimare suna tafiya ƙasa-ƙasa, iska tana kwantar da ciyawa tana tashe ta. Baba ya ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, zuciyarsa ta yi fari kamar ta yaro. Da hannunsa ya zare ragamar, ya shafa wuyan dokin.

"Je ka," ya ce masa a kunne. "Duk naka ne."

Kili ya shinshina ƙasa. Ya taka gaba kaɗan, daidai tsawon bargarsa, ya tsaya cak. Ya juya, ya dawo. Sai ya ɗaga wuya ya ɗora shi a kan ƙofar da babu ita, a tsakiyar fili, ya fara. Dama, hagu.

Injiniya ya riga ya ɗaga waya don ya ɗauki sukuwa. A hankali ya sauke ta.

Baba ya jira. Ya yi masa fito irin na da, ya kira shi da sunansa, ya nuna masa rafin da ke ƙyalli can nesa. Dokin bai kalli ko'ina ba.

Kamar daga cikin barci ya ji hannun ɗansa ya dafa masa kafaɗa, ya riƙe da ƙarfi.

"Baba," in ji Injiniya, "tun yaushe kake yin haka?"

Baba bai gane tambayar ba sai da ya dubi ƙasa. Inuwa biyu ce a kan ciyawa, ta doki da ta tsoho mai sanda, suna lilo tare.