Gwandar da Ta Ƙi Haihuwa

Bappa Kalibu ya zo da gatari da sassafe, ya jingina shi a jikin zana.

"Gwandar nan ta gama aiki, Miriyamu. Fure kawai take zubarwa. A sare, a sa dawa."

Mama Miriyamu ta dubi bishiyoyin gwandar. Baba ne ya shuka su a bakin mayo, wato rafi, kafin ya rasu, kuma su kaɗai ya bari da hannunsa. Dibora, 'yarta da ta dawo hutu daga jami'a a Zariya, tana tsugune tana tsintar furen da suka faɗi. Ta ɓare guda. Ba ko alamar garin rawaya a kansa.

"Bappa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ina mazan?"

"Waɗanne maza?"

"Masu dogon fure, da ba sa 'ya'ya."

Ya yi dariya. "Na sare su bara. Sai da na buga musu ƙusa ko za su ji kunya su haihu, suka ƙi. Wa ke ciyar da rago?"

"A cikin furensu garin yake fitowa. In bai taɓa na matan ba, ba za su riƙe ba." Kunya ta kama ta, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "A ba ni zuwa ƙarshen hutu."

"Ji 'yar boko! Aure za ki ɗaura wa itace?"

Ta zagaye ƙauyensu Lamorde gida-gida tana neman namijin gwanda, ita da ko gaisuwa ke yi mata wuya. Kowa ya sare nasa. A bayan garken Malam Abdulƙadiri ta samu guda, ya tsira ne don an ɗaure igiyar shanya a jikinsa. Malam ya ce ta ɗebi furensa, yana kallonta da mamaki.

Kullum kafin rana ta yi zafi takan karkaɗe garin a ƙoƙo, ta hau turmi, ta shafa wa kowane fure da gashin kaza. Wasu suka faɗi duk da haka. Ta ci gaba.

Ranar da za ta koma, Bappa ya dawo ɗaukar gatarinsa. Ya tsaya ƙarƙashin bishiyar, ya daɗe yana kallon ƙananan 'ya'ya koraye da suka maƙale a jikinta kamar ƙwai.

"Wannan gashin kazan," ya ce, "a ina kika ajiye shi?"

Mama ta zaro shi daga ɗankwalinta.