Alhamis Ɗin Da Malama Ta Sa Musu

Maiɗinki na cikin haɗa hannun wata riga, ƙafarta a kan keken ɗinki, ta ji kuka ya tashi daga bayan katanga. Ba kukan yaro ba ne. Ta ɗage ƙafa, keken ya yi shiru. Sai ga ƙanwar Malama ta leƙo ta saman katangar, ɗankwalinta a hannu.

"Yaya, Malama ta cika."

"Wace Malamar?"

Ta san wace ce. Malama ɗaya ce a layin, kuma katanga ce kawai ta raba gidajensu. Maiɗinki ta yi salati, ta miƙe, rigar ta zame ta faɗi ƙasa. Ranar Talata ce. Abin da ya fara faɗo mata a rai, Allah ya yafe mata, ba mijin Malama ba ne, ba 'ya'yanta ba. Alhamis ce ta faɗo mata.

Malama a makarantar sakandare ta ƙarshen titi take aiki, amma ba ta shiga aji da alli. Wani ɗan ɗaki gare ta kusa da laburare, ana ce masa ɗakin shawara. Can ake tura ɗalibi in zai zaɓi fannin karatu, ko in an ga ya sauya hali, ko in iyaye sun kawo kuka. Maiɗinki ba ta yi nisa a karatu ba, kuma aikin bai taɓa shiga kanta ba.

"Wai ke hira kike yi da yara har a tashi?" ta taɓa tsokanarta, suna shanya.

"Su ke hirar, maƙwabciya. Ni nawa kunne."

A makarantar nan 'yar Maiɗinki take, ita kaɗai Allah ya ba ta. Kowa Likita yake ce mata. Babanta ne ya laƙaba mata tun tana ƙarama, tana ɗaure ƙafar kyanwa da ƙyalle. Da ya kwanta asibiti, yarinyar ce ta yi jinyarsa, uwar na gida kan keke. Bayan rasuwarsa Maiɗinki ta riƙe sunan nan da hannu biyu. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji cewa Likita ajin kimiyya take.

A bana yarinyar ta yi shiru. Ta rame, abinci sai an yi da gaske, sakamakonta ya yi ƙasa. Malamin ajinsu ya tura ta ɗakin shawara. Takan dawo idanu jajur, ta wuce ɗaki. In uwar ta tare ta a ƙofa, ta tsare ta da ido, ta ce, "Ke, dube ni, me ke damunki?" sai ta ce, "Ba komai, Mama."

Maiɗinki ta ga ai abin ya zo da sauƙi, tunda mai jin maganar tana bayan katanga. Wata yamma ta kira ta. Malama ta zo ta dafa gwiwar hannu a kan katangar, inda ta saba.

"Me take gaya miki?"

"Ba zan iya faɗa miki ba."

"Ni fa na haife ta."

"Ai ban ce ni na haife ta ba." Malama ta yi dariya, sannan ta gyara murya. "Ki saurare ni. Da na ga ranta na cikin haɗari, ko wani na cutar da ita, kafin in cire takalmi zan buga miki ƙofa. Ƙa'idar aikin ke nan. Amma abin nata bai kai haka ba. Sauran maganar tata ce. Ita za ta faɗa miki da bakinta, a gabana, ranar da ta shirya."

"Maƙwabtaka ba ta da rana ke nan?"

"Tana da rana mana. Ki ara mini gwangwanin tsofaffin maɓallan nan naki."

Maiɗinki ta miƙa mata gwangwanin tana harara. Ba ta tambayi me za a yi da shi ba, don haushi.

Malama ta daɗe ƙafafunta na kumbura, in ta hau matakala sai ta tsaya ta huta. Tana cewa nauyin jiki ne. Makon jiya ta kasa fita. Ranar Lahadi Maiɗinki ta shiga duba ta, ta same ta jingine da matasai, fanka na juyawa, kwalaben magani jere a kan tebur. Numfashinta sama-sama, amma bakin yana nan.

"Zauna nan gefena. Kin tsaya mini a ka kamar 'yar sanda."

Maiɗinki ta zauna a bakin gado.

"Yarinyarki ta yarda. Alhamis bayan an tashi, ku zo ɗakina ku biyu. Zuwa lokacin na miƙe."

"To ki ɗan gutsura mini mana, in san da me zan zo."

"Ki zo da kunnenki. Bakin ki bar shi a gida, ba wanda zai sace."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Malama. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Ranar Talatar, Likita ta dawo daga makaranta ta tarar da takalma cike da ƙofar gidan Malama. Ba ta tambayi kowa ba. Ta shiga ɗaki da jakarta a kafaɗa, ta kwanta, ta juya wa ƙofa baya. Ko hawaye ba ta yi ba. Maiɗinki tana can cikin mata, tana zuba ruwa, tana karɓar gaisuwa kamar 'yar gida, amma rabin hankalinta na ɗakin nan. Mutum ɗaya ce a duniya ta san abin da ke cin yarinyar, ga shi an fita da ita.

Laraba ma haka ta wuce. Abincin da aka ajiye mata ya huce a rufe.

Ranar Alhamis da rana Maiɗinki ta rufe keke, ta ɗauki mayafi.

"Tashi mu je."

"Ina, Mama?"

"Malama ta sa mana rana."

Yarinyar ta dube ta kamar ta zautu, amma ta tashi.

Mataimakin shugaban makaranta ya yi musu ta'aziyya. Ya ce za a turo wata malamar shawara, in ta zo sai a sa musu sabuwar rana, haka tsarin yake.

"Allah ya kawo ta lafiya, Malam," in ji Maiɗinki. "Ni dai ɗakin nake roƙo a buɗe mana."

Ya dubi yarinyar, ya ɗauko makulli da kansa. Ya buɗe, ya koma.

Ɗakin bai kai na ɗinkinta ba. An tura tebur jikin bango. Kujeru biyu ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon taga, ta uku tana can lungu. Kofin shayin Malama na kife a kan faranti. A kan wata 'yar kujera ta tsugunno, ga gwangwaninta na maɓallai.

Yarinyar ta zauna, ta juye maɓallan a cinyarta, ta fara ware farare daga baƙaƙe, kamar wadda ta saba. Maiɗinki ta kama ɗayar kujerar za ta juyo da ita su fuskanci juna.

"Mama, ba a juya ta."

Ta saki. Ta zauna yadda ta same ta. Ta taga ba abin gani sai filin ƙwallo da wata bishiya. Bakinta sai ƙaiƙayi yake, tambayoyi sun cika shi. Ta danne, ta kai hannu ta ɗebo maɓallai ita ma.

"Ba na son a ƙara ce mini Likita."

Maiɗinki ba ta motsa ba.

"In muka shiga ɗakin gwaje-gwaje, warin asibitin nan nake ji. Warin ɗakin Baba. Sai in ga robar da nake tara masa, in ga hannunsa a cikin nawa ranar da ya yi sanyi. Sai amai. Tun farkon shekara bayan laburare nake ɓuya in lokacin ya yi." Maɓalli ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin tebur. "Malama ta ce zan iya komawa ajin adabi kafin a yi rajistar jarrabawa, amma sai da yardarki. Ni kuma na kasa. Sunan Baba ne. Na ji tsoron ki ce na binne shi sau biyu."

Wuyan Maiɗinki ya so ya juya. Ta riƙe shi. Ta ƙura wa bishiyar ido har ta daina ganinta sosai. Ta tuna duk safiyar da ta ce "Likita, tashi," tana ganin daɗi take sa wa yarinyar.

"Kafin Likita," ta ce, "'Yar Baba yake ce miki. Ba ki da wayo lokacin."

Sai a nan yarinyar ta fashe da kuka. Ta kifa kai a kafaɗar uwar, maɓallan suka watse a ƙasa. Kukan Baba ne da na Malama a haɗe. Maiɗinki ta bar ta ta yi har ta gaji. Daga nan suka durƙusa suka tsince maɓallan, suka wuce ofishin mataimaki, Maiɗinki ta ba da yardarta a mayar da yarinyar ajin adabi.

Ya ce ta tafi da gwangwaninta. Ta ce a'a, a bar shi a ɗakin, akwai 'ya'yan wasu.

Ta tara wani gwangwanin maɓallai a gida. Yanzu kullum in rana ta yi sanyi, kafin 'Yar Baba ta dawo, takan tsayar da keke ko da aiki ya kai wuya. Ta fito da kujeru biyu tsakar gida, ta jera su suna kallon katanga, ta ajiye gwangwanin a tsakani. Wata rana yarinyar ta yi magana, wata rana su zauna kawai. A saman katangar akwai wurin da fenti ya goge, daidai inda Malama ke dafa gwiwar hannu. Nan Maiɗinki ke ajiye idonta.