Ƙofar Ba Bunu

"Mushe, kuran ya dawo. Karɓi, jona mini ta taga."

Ba Bunu ne, maƙwabcina, tsaye bayan darni da bakin wayar lantarki a hannu. Mushe suke ce mini, kamar kowane malamin makaranta a nan. Kwale-kwale yake sassaƙawa a Bosso, can bakin tabki. Bayan harin da ya watsa garin ya iso Diffa da matarsa, Ya Kubra, da 'yarsu Hasna, wadda nake koyarwa a lakwal. Sun gina ɗakin laka a kangon da ke jikin gidana, amma babu ƙofa, sai buhu da aka rataya. Duk lokacin da iska ta kaɗa buhun nan, Ya Kubra sai ta zabura ta cafke Hasna. Matar ta rame har wuyanta ya fito.

Ba Bunu ya samu katakon ƙofa. Ya aro injin yanka wurin Maikano kafinta, da sharaɗin ya mayar kafin la'asar. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, ba ya zama. In ya zo da hantsi, ba wanda ya san ko zai kai azahar.

Na karɓi wayar na duba. Guntaye ne ya haɗa, siraran nan da ake cajin salula da su. Ya feƙe bakunansu, ya ɗaure da irin ƙullin taru, ya naɗe da leda.

"Ba Bunu, wannan ba ta ɗaukar inji. Za ta yi zafi, ledar ta narke. Mai kauri ake so, guda ɗaya, ba gami. Bari gobe in aro ta lakwal."

"Gobe injin yana hannun mai shi, Mushe. Ƙullina ya riƙe giwan ruwa, 'yar wayar nan ce za ta gagare shi?"

"Ba kwancewa nake tsoro ba."

Ya waiwaya wajen matarsa, ya rage murya. "Dube ta. Tun da muka zo ba ta yi barcin kirki ba. In ka hana ni, zan jawo daga gidan maƙwabciyarmu Tabawa, can kuma ya fi nisa, sai na ƙara gami."

Na sa ya ɗora kowane gami bisa tubali, na sa ya saka takalmi, sannan na jona masa. Na zauna bakin taga ina jin kukan injin.

Abin da ban gani ba shi ne ruwan. A bakin tabki ba su yanka katako a bushe, wai tsagewa yake. Ya kwarara masa bokiti guda kamar yadda ya saba. Takalmin ya fara santsi a caɓi, ya tuɓe shi. Da ya matsa gaba, wayar ta ja, gamin ya sauka daga tubalin, ya faɗa caɓin.

Injin ya canza murya. Sai na ji Hasna ta kira babanta, "Ba?"

Na fizge wayar daga bango, ta ƙone mini tafin hannu.

"Hasna, tsaya inda kike. Kada ki taɓa shi."

Yana kwance rub da ciki, ƙafafunsa cikin caɓi. Na juya shi, na danna ƙirjinsa, na danna, ina kiran sunansa. Ya Kubra ta durƙusa tana shafa masa ƙafa, tana magana da Barbarci. An hana babur a gari, don haka a amalanken Tabawa muka tura shi cikin yashi, ƙafar amalanken na nutsewa, muna ɗagawa. Ba mu kai asibiti da shi da rai ba.

Bayan sadakar bakwai Maikano ya zo da wayarsa mai kauri, ya warware ta duka a busasshiyar ƙasa, ya gama yankan da aka bari rabi. Ya kafa ƙofar, ya ɗaura sakata, ya tafi.

Hasna ta same ni ina naɗe tsohuwar wayar.

"Mushe, ruwan ne ko wayar?"

"Su biyun ne, 'yata, da suka haɗu."

Ta shafa ƙullin da ledar ta narke a kansa. Bai kwance ba. Sannan ta je ta tura ƙofar, ta ja sakata, ta buɗe, ta sake rufewa. Ta gane yanzu suna da ƙofa, kuma babanta ba zai ƙwanƙwasa ta ba.