Mahayin da Ke Riƙe da Kofi

Ni dai ban taɓa zuwa wurin mai duba ba, duban ne ya same ni a wurin aiki. Shekara biyu ina shara da goge-goge a gidan Madam Dalia a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, ina kallon matan da take baza wa wata karta mai hotuna, wai ita tarot. Dariya nake musu a zuci, mata da digirinsu suna tambayar takarda ko za su yi aure.

Sai yayana Hadi ya ce zai mayar da Inna Gadarif, garinmu a Sudan. Ƙafafunta sun kumbura, ta ce ba ta yarda a binne ta a Masar ba. Mijina Isam kuwa watansa goma sha huɗu da tafiya Libya neman jirgin ruwan tsallakawa Turai, ko gaisuwa babu. An sace mini waya a mota, layin kuma ba da sunana yake ba, balle in dawo da lambar da ya sani. Ɗakinmu na unguwar Faisal kaɗai ya sani. In na bi Inna ya dawo, ƙofar wa zai buga?

Wata Laraba da hantsi ina goge tebur kuka ya ƙwace mini. Madam ba ta tambayi dalili ba, ta zaunar da ni ina fuskantarta, ta ce in zaɓi ɗaya. Na yi a'uziyya a raina, na kuma miƙa hannun. Ta buɗe katin tsakaninmu. Wani mutum ne a kan farin doki, ya miƙo kofi gaba, ga rafi a gabansa.

Ta ce cikin kartar akwai sha shida da ake kira 'yan fada, sarki, sarauniya, mahayi da ɗan aike, kuma mutane suke nufi. Wannan mai kofin mutum ne mai so, mai kawo saƙo. Dokinsa ba ya sukuwa, takawa yake don kada kofin ya zube. Daga nan ta tattara katunan, ta ce, "Ma'alish, ya Mahasin," wato in yi haƙuri. Ni kuwa na riga na ji abin da nake son ji.

Na gaya wa Inna ba zan tafi ba. Ba ta yi faɗa ba, kitso kawai ta ce in yi mata. Na raka su motar Aswan, hanyar Sudan, na dawo ɗaki.

Bayan wata huɗu ta rasu. Sai da aka kai ta makwanci na ji.

Da na koma aiki, haushi ya sa na ce wa Madam dokinta ya cika nawa, ga shi na zauna jiransa uwata ta mutu ba na kusa. Ta ajiye shayinta tana kallona.

"Saboda katin nan kika zauna?"

Na ce eh.

"A juye ya fito. Ke kina wancan gefen tebur, shi ya sa kika gan shi tsaye. Daga wajen mai dubawa ake karantawa."

Ta ce in ya zo a juye, mutumin da ya yi alkawari ne bai iso ba. Tausayina ta ji ranar, ta haɗiye sauran maganar. Ban iya jin haushinta ba. Ni na sayar da kwanakin uwata na ƙarshe a kan hoton da ban ma san samansa da ƙasansa ba. Na ƙarasa goge falon, tunda na riga na jiƙa shi.

Da la'asar na kira Yaya Hadi don in faɗa masa wautata, amma na kasa. Na tambaye shi ko Inna ta yi fushi da ni. Ya ce ko kaɗan, kullum dai sai ta tambaya ko Isam ya iso.

"Me ka ce mata, Yaya?"

"Na ce ya dawo, kuna lafiya. Ta yi murna ƙwarai, ta ce ai gara da kika zauna."