Safa a Kan Tayil

"Ki matsa su wuce," in ji mijina.

"Ba zan matsa ba."

Na dafa ƙyauren da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana tallafe da 'yata a kwankwaso. Ma'aikata biyu suna tsaye a kan matakala, sun saɓo naɗaɗɗen kafet a kafaɗa, zufa tana ɗiga daga haɓarsu. Na gaban ya dubi mijina, ya dube ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, ku daidaita mana. Abin nan fa ba auduga ba ne."

Na ce, "Ku jingine shi nan waje. Wannan kafet ba zai shiga ɗakin da ɗana yake numfashi ba."

Kwananmu uku ke nan a sabon gida, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, ƙasan duk siminti ne tsirara. Kafin nan shekara biyar muka yi a gidan surukata, wadda kowa ke kira Umma. Kafet ɗin nata ne. Ja ne, mai kauri, ƙafa tana nutsewa a cikinsa. Marigayi mijinta ne ya saya, a kansa mijina ya yi rarrafe, a kansa aka yi zaman makokin uban. Da muka tashi ƙaura sai ta sa aka ɗaye shi daga falonta, aka wanke, ta ce a kai wa jikokinta. Ba ta da abin da ya fi shi daraja a wurinta. Na san haka tun kafin in tare ƙofar.

Amma na san wani abu kuma. Ɗana, mai shekara huɗu, yana da asma. In ta tashi ƙirjinsa kan yi ƙara kamar ana busa ƙaramin usur, har 'ya'yan yayar mijina suka laƙaba masa suna Usur, manya ma suka ɗauka suna dariya. Duk yinin da ya yi yana birgima a jan kafet ɗin nan, kafin la'asar sai na nemo abin shaƙarsa. Da na kai shi gidan iyayena mako biyu, inda babu komai a ƙasa, ko tari bai yi ba.

Mijina ya sallami ma'aikatan, ya rufo ƙofa, ya rage murya. "Ke kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani."

"Ƙasan nan sanyi gare shi. Yaron da ƙirjinsa ba lafiya za ki zaunar a kan sanyi?"

"Ba sanyi ne ke damunsa ba, Abban yara. Ƙura ce."

"An wanke shi fa."

"Ko sau goma aka wanke."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "To, Likita."

Haka danginsa suke kirana, suna jan kalmar kamar cingam. Ni ba likita ba ce. Gwajin jini da na ƙwayoyin cuta na karanta, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma ban taɓa jin kunyar abin da na sani ba. A gidansu kuwa kowace cuta sunanta ɗaya, sanyi. Tari sanyi ne, ciwon gwiwa sanyi ne, yaro ya yi fitsarin kwance sanyi ne ya shige shi.

Ran Asabar Umma ta zo, tare da babbar 'yarta, wadda muke kira Yaya. Da ƙyar ta hawo matakala saboda gwiwa. Ta tarar da kafet ɗinta jingine a baranda, kamar baƙon da aka hana shiga. Ta wuce shi ta shigo. Ta buɗe hannu, ɗana ya ruga ya faɗa jikinta.

"Maigidana! Ka yi ƙaura ka bar ni, ko kuɗin cefane babu?"

"Matata, na sayo miki mota," in ji shi, ya zaro ta roba daga aljihu.

Umma ba ta zama a kujera, ta ce ƙafafunta kumbura suke yi. Ta dubi simintin, ta dubi Yaya. Na kawo tabarmar roba na shimfiɗa, ta zauna a bakin-bakinta.

"'Yar nan," ta ce, "an ce ba kya son abin da na aiko."

Da na ce mata launin ne bai dace da labule ba, da ta yi fushin kwana biyu ta huce. Ban faɗi haka ba. Ni ai na shirya. Tun ran Alhamis na karkaɗo ƙura daga gefen kafet ɗin a 'yar takarda, na kai wurin aiki, na sa a madubin gwaji, na ɗauki hoto. Na ciro wayata ina jin daɗin kaina, na miƙa mata.

"Umma, ku duba. Waɗannan ƙwari ne, ido ba ya ganinsu. Dubbai ne a cikin kafet ɗinku. Kashinsu yake shaƙa."

Ta ƙura wa hoton ido, wani abu mai ƙafa takwas da gashi-gashi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye wayar a ƙasa a hankali.

"Ƙwari," ta ce. "A ɗakina."

"Ba naku kaɗai ba, kowane..."

Yaya ta katse ni. "Shekara talatin da biyar tana share shi safe da yamma, ke kuma yau kin zo da hoto kin ce ƙazama ce."

"Ban ce ƙazama ba."

"Kin ce kashi."

Umma ta ɗaga mata hannu. "Bar ta. 'Ya'ya bakwai na raina a kansa, babu wanda ƙwaro ya cinye. Ke dai kina da ilimi, 'yar nan, Allah ya ƙara. Sanyin hali ne ba a koya muku ba."

Na kusa cewa, ashe akwai sanyin da kuke so. Na haɗiye. Shi ne kaɗai abin da na haɗiye a ranar. Washegari mota ta zo ta mayar da kafet ɗin falon Umma, mijina kuma ya yi kwana huɗu ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa.

Ni na nemo mai tayil. Dattijo ne, gajere, fensir a bayan kunne, gwiwoyin wandonsa sun yi fari da siminti. Ya baje mini samfur iri biyu a ƙasa.

"Madam, yara nawa?"

"Biyu."

"Ƙaramar ta fara tafiya?"

"Tana tatata."

"To wannan za ki ɗauka." Ya goga babban yatsa a kan mai kaushi, ruwan ƙasa. "Yana riƙe ƙafa."

Na shafa shi, na ji ƙananan ramuka a fuskarsa. "Yana riƙe ƙura ma."

"Kaɗan."

"Ba na son ko kaɗan." Na nuna farin, mai sheƙi, wanda nake ganin fuskata a ciki.

Ya sosa ƙeya. "Wannan na falon da ba yara ne. In ruwa ya zuba a kansa, ko akuya sai ta yi rawa."

"Ba na kiwon akuya."

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji shi, ya mayar da fensir bayan kunne. Ya yi aikinsa tsaf, yana bubbuga kowane tayil da gudumar roba yana saurare, kamar yadda likita ke sauraren ƙirji. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce, ba ƙura kaɗai ta sa na zaɓi farin ba. So nake duk wanda ya shigo daga gidan Umma ya ga ƙasan ɗakina yana ƙyalli, ya rasa abin faɗa.

Sun sami abin faɗa. Yaya ta shigo, ta ɗaga ƙafa kamar ta taka ƙanƙara, ta ce, "Ikon Allah, asibitin ta kwaso mana gida." Bayan mako guda mijina ya dawo da leda. Safa ce a ciki, ta ulu, ƙafa shida, Umma ta saƙa da hannunta, shuɗi na yaron, ruwan hoda na ƙanwarsa.

"Ta ce kada ƙafarsu ta taɓa sanyin nan."

"Safa a kan tayil santsi take yi."

Ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Kin mayar mata da kafet. Safar ma za ki mayar?"

Ban mayar ba. In ina gida na cire musu, in ya shigo ya sa musu. Haka muka yi wata biyu, ina cirewa yana sawa, ba wanda ya ƙara ɗaga zancen. A cikin wata biyun nan ɗana bai nemi abin shaƙa ba sai sau ɗaya, ranar da ubansa ya kai shi gidan Umma ya yini.

Wata Lahadi da hantsi ina kicin ina wanke kwanuka. Mijina yana falo da yaran, ya sa musu safa kamar kullum. Yarinyar, wadda muke kira Tatata saboda tafiyarta, ta ga wanta ya ruga, ta bi shi. Babu ruwa a ƙasa, babu komai. Ƙara kawai na ji, kamar an saki kofin tangaran, sai shiru. Shirun ya fi kukan da ya biyo baya tsoratar da ni. Na tarar da ita a kife, jini yana malala a kan farin tayil ɗina, safa ɗaya ta zame ta tsaya a yatsunta.

A asibitin da nake aiki aka yi mata ɗinki huɗu, a tsakiyar girar hagu. Ni na riƙe mata kai. Da muka fito, Umma da Yaya suna zaune a benci, ɗana yana kan cinyar Umma. Umma ta ɗaga audugar da ke kan ɗinkin ta leƙa, ta mayar.

"A fuska," ta ce. "'Ya mace."

Yaya ta ce, "Da a kan kafet ne, da ta tashi tana dariya."

Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya yi zafi. Na buɗe baki zan ce safar ce. Sai na ga hannun Umma, yatsun da suka ƙandare da ciwo, waɗanda suka yi mako guda suna saƙa. Na kuma tuna dattijon da fensirinsa. Safarsu ce ta zame, amma a kan santsin da ni na zaɓa. Na rufe bakina.

Mijina ya ja ni gefe, kusa da tagar karɓar magani. "Gobe zan sa a kawo kafet ɗin. Ya isa haka."

"Ba za a kawo shi ba."

"Kina ganin jinin 'yarki a rigarki?"

"Ina gani. Ita ta faɗi sau ɗaya, za ta warke. Shi kuma numfashi kullum ne. Ka manta ranar da leɓɓansa suka yi baƙi a mota, kana tuƙi kana kiran sunan Allah?"

"Ke ba kya taɓa yin kuskure, ko?"

"Na yi. Amma ba wannan ba ne."

Ya bar ni a tsaye a wurin.

Na sayo tabarmar roba mai laushi, irin wadda ake wankewa da ruwa, na rufe tsakiyar falo. Na kwashe safar na kulle a akwatina. Ba wanda ya tambaye ni inda take, don Umma ta riga ta aiko da wasu, kuma yaron yana sa su da kansa, wai na matarsa ne. Nakan bar shi in yana zaune.

Yau wata tara ke nan. Abin shaƙarsa yana cikin durowa, har kwanan watan da ke jikinsa ya wuce. Yana gudu daga baranda zuwa kicin, yana ihu, ƙirjinsa shiru. 'Ya'yan Yaya sun daina ce masa Usur. A taron dangi na ƙarshe da na je, na ji Yaya tana gaya wa wata baƙuwa cewa yaron ya warke tun da Umma ta fara saƙa masa safa, sanyi ya daina shigarsa ta tafin ƙafa. Baƙuwar ta tambayi tabon Tatata. Yaya ta ce, "Wannan kuma tayil ɗin uwarta ne." Mijina yana zaune a wurin yana danna waya, bai ɗago ba.

Umma ba ta sake hawo matakalarmu ba. Ta ce gwiwa, ta ce ba ta da wurin zama. Ni kuma ba na barin yaron ya wuce awa ɗaya a falonta, don jan kafet ɗin yana nan shimfiɗe. Yakan tsaya a baranda ya tambaye ni, "Mama, matata yaji ta yi?" In ce masa ƙafarta ke ciwo.

Da a ce yau ma'aikatan nan za su sake hawowa da shi a kafaɗa, zan sake tare ƙofar. Ɗana yana numfashi. Abin da na biya shi ne wannan: 'yata za ta girma da gira a rabe, gashi ba zai sake fitowa a wurin ba, ɗana ya rasa cinyar kakarsa, mijina yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, kuma tun daga tagar maganin nan bai sake tambayata ra'ayina a kan komai ba.