Gyaran da Ya Zo Bayan Ta'aziyya

Idan aka yanke wa mutum hukunci da wata doka, daga baya masu dokar suka ce kuskure suka yi, shin an zalunce shi ko ba a zalunce shi ba? Ni dai ban sani ba. Sha'aibu tela ma ya daɗe yana juya tambayar a kan keken ɗinkinsa a Gumel.

Abin ya samo asali ne daga wani littafin wasa da abokinsa Siddiq ya zo da shi daga Kano. Wasan na zaune ne. Kowa zai ƙirƙiri jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya ba shi sana'a. Mutum ɗaya ke jan labari, idan aka zo wurin haɗari a jefa ɗan ludo, littafin ya faɗi abin da zai biyo baya. Sha'aibu ne mai jan labarin. Duk Juma'a bayan la'asar sai a ture yadi gefe a kan teburin yanka, a ɗora shayi, a zauna.

A cikinsu akwai Anas, mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Maigatari. Jaruminsa mai koro shanu ne daga Damagaram, sunansa Ɗantsoho. Wata Juma'a Ɗantsoho ya faɗa tsohuwar rijiya garin ceton maraƙi. Anas ya jefa, ɗaya ta fito. Sha'aibu ya buɗe littafin, ya bi layin da yatsa, ya ce, "Ya rasu."

Nan wasa ya wuce gona da iri. Siddiq ya miƙa wa Anas hannu da fuskar jimami, ya ce, "Ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi ikonsa?" Sauran suka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya sayo ƙosai ya ce sadakar mamaci ce, aka yi ta dariya. Anas ya yi murmushi, ya shanye shayinsa, ya hau babur. Tun daga ranar bai sake zuwa ba, ko a waya gaisuwa kawai yake amsawa.

Ana cikin damina Siddiq ya faɗo shagon yana ɗaga wayarsa.

"Malam alƙali, an tsinke hukuncinka! Masu littafin sun fitar da sabon bugu da gyare-gyare. Shafin faɗuwa kuskuren ɗab'i ne. Wanda ya jefa ɗaya suma yake yi, ba mutuwa ba. Littafinka ya zama tsohon yayi."

Sha'aibu bai tsayar da keke ba. "Ranar da ya faɗa, wace doka ce a kan teburin?"

"Tsohuwar."

"To da ita aka yi. An raba shanunsa, labari ya yi gaba. Har gaisuwa kun yi, kun cinye ƙosan. Yanzu in ce ya tashi? Gobe su sake gyara, in sake kashe shi?"

"Kai dai ka ce yana da rai, Anas ya dawo."

"Ba zan faɗa ba. In na fara warware abin da ya wuce, jifan kowa ya zama banza."

Da yamma yana cin tuwo a tsakar gida ya ba matarsa Rabi'atu labarin, yana jiran ta ce ya yi daidai. Ita da Anas 'yan Ɗanzomo ne. Ta ajiye ludayi.

"Wa ka ce? Ɗantsoho? Ai laƙabin mahaifin Anas ne. Koren shanu yake yi, a hanya ya rasu, can aka binne shi. Anas bai ga gawarsa ba."

Sha'aibu ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya tuna yadda Anas ke sauya murya idan Ɗantsoho zai yi magana, yadda yake sa shi kiran kowace saniya da sunanta. Ashe duk Juma'a ubansa yake zuwa ji.

Duk da haka ya ce, a hankali, "Amma doka ai doka ce, Rabi."

"Kai da kake farke wuyan riga sau nawa idan ya karkace? Ban taɓa jin ka ce wa mai riga ai an riga an ɗinke ba."

Ya wanke hannu ya tashi. Tambayar tana nan yadda take, bai warware ta ba.

Ranar Alhamis ya rufe shago ya shiga motar Maigatari. Ya ratsa kara, inda ake cinikin dabbobi, tsakanin raƙuma da shanu, har rumfar Anas. Suka gaisa kamar baƙi. Sha'aibu ya tsuguna, ya share saman wani kwali da hannun rigarsa, ya ajiye ɗan ludo a kai.

"Ɗantsoho ya buɗe ido a gindin rijiya," ya ce. "Kansa na ciwo. Maraƙin na lasar kunnensa. Me zai yi?"

Anas ya dubi ɗan ludon. Sannan ya goge ido da bayan hannu, ya sauya murya.

"Zai fara duba ƙafar maraƙin tukuna."